“To” Ɗin da Na Kai wa Kwamiti

Thamesmead, Landan

Fa'iza, autata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya tsare mini ke a sabon ɗakinki na Whitechapel, ya tsare ki a hanyar asibiti safe da yamma, ya haɗa ki da maƙwabta masu mutunci, ya raba ki da sharrin da kike gani da wanda ba kya gani. Kayanki na nan a ɗaure a falo ina ta tuntuɓe da su. Babanki yana zaune yana yi mini dariya, wai ina rubuta wasiƙa ga yarinyar da bas ɗaya da jirgin ƙasa ɗaya za su kai ni ƙofarta. Na ce ya ƙyale ni. Tafiya dai tafiya ce, ko da tsallaken kogi ne.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san za ki karanta a hankali kina motsa leɓe, kuma abin da nake so ke nan. Da Turanci kina riga ni ƙarasa maganata, ki ba ni amsa tun ban kai inda za ni ba.

Ran nan a kicin kika ce mini a sabon benenku ana neman masu shiga kwamitin mazauna, kuma har kin ba da sunanki, wai kin ga yadda nake yi a namu kin yi sha'awa. Na yi miki murmushi na juya ina wanke tukunyar da na riga na wanke. Gaskiyar magana gabana ne ya faɗi. Ba zan hana ki ba, aikin alheri ne, ba a biyan kowa, kuma in ba a samu masu yi ba lif ya mutu sai ya shekara a mace. Amma akwai abin da ya shiga tsakanina da Hajiya Rabi ta hawa na tara saboda wannan kwamitin, wanda kika lura da shi ba ki tambaya ba, ni kuma ban faɗa ba. Matar da ta yi miki wanka tun cibiyarki ba ta faɗi ba, matar da muka yi fiye da shekara ashirin muna cin abinci a kwano ɗaya, yau in mun haɗu a matakala gaisuwa ce kawai kamar ta baƙi. Ina so in dawo da ita, ban san ta ina ba. Zan ba ki labarin yadda yake, ko ke kya gane abin da ni har yau ya ɗaure mini kai.

Lokacin da na shiga kwamitin kina jami'a. Taron shekara na je don in yi ƙorafi a kan lif, na yi maganata na zauna. Da aka tashi sai Margaret, tsohuwar Baturiyar nan mai farin gashi da ke yi wa kwamitin sakatariya, ta riƙe hannuna ta ce sun daɗe suna neman wadda za ta zama muryar mutanena. Na ji daɗi, har na gyara zaman mayafina. Ban tambaye ta su wa take nufi ba. Ashe ita a wurinta duk wadda ta ɗaura ɗankwali a unguwar nan tawa ce. Yarbawan da suka fi mu yawa nesa ba kusa ba, da Ibo, da 'yan zangon Gana, da Somaliyawan benen can, duk an ɗora mini. Ni kuwa ko Hausawan ma gida goma sha wani abu na sani da kyau. Na yi wata da watanni ana juyowa wurina a taro ana cewa, me mutanenki suke gani, ni kuma ina faɗin abin da ni kaɗai nake gani, da murya irin ta wadda aka aiko.

Saboda haka ranar da aka ce miki ke ce muryar wasu, ki tambaya su wa, ki sa a faɗa miki su ƙofa-ƙofa. In sun fi ƙarfin ƙafarki, ki ce ba za ki iya ba. Ba abin kunya ba ne.

Kin san ɗakin ƙasa, ɗakin taron da ke gindin benenmu, mai kujerun roba da ɗan kicin a lungu. A nan aka yi sunanki, a nan aka yi walimar saukarki. Dā mabuɗinsa yana hannun wani dattijo ne, duk wanda ya riga faɗa masa shi ke da ɗaki. Sai ya fara mantuwa. Rana ɗaya ya yi wa gida biyu alkawari, masu suna da masu bikin ranar haihuwa suka haɗu a ƙofa kowa da kulolinsa, aka yi cacar baki har sai da maƙwabta suka leƙo ta taga. Daga nan shugaban kwamiti ya kawo shawara: daga yau duk mai son ɗaki sai ya nema ta waya sati biyu kafin ranar, ba sani ba sabo, ba a buɗe wa kowa in bai nema ba. Wallahi ni ma adalci na gani. Na ce to shi ke nan, an huta da zargin wane ɗan gida ne wane bare.

Kafin a jefa ƙuri'a aka ce kowane wakili ya je ya ji ta bakin mutanensa. Na tara namu a ɗakin ƙasan wata Lahadi bayan la'asar. Na shirya wurin yadda na ga kwamiti na yi: tebur a gaba, ni a bayansa, kujeru a jere suna kallona. Maza a gaba, mata a baya, surukai da 'ya'ya da iyaye duk a ɗaki ɗaya. Na karanta musu dokar da Turanci, na maimaita da Hausa. Sannan na ɗaga kai na ce, kamar yadda shugaba yake cewa, “Akwai mai ja?”

Aka yi tsit. Kowa ya dubi Malam Sani, mijin Hajiya Rabi, don shi ne babba a cikinmu, shi ke ja mana salla in an taru. Ya daɗe yana kallon ƙasa yana shafa gemu. Sannan ya ce, “To.”

Sauran maza suka ce, “To.” Daga baya na ji muryoyin mata ƙasa-ƙasa, “To, Allah ya sa haka shi ya fi alheri.” Aka shafa fatiha aka watse. Minti nawa ma aka yi. Na hau sama ina jin kaina, har na ce wa babanki mutanenmu sun fi kowa sauƙin kai.

A taron kwamiti Margaret ta ɗaga biro ta ce, “Sun amince?”

Na ce, “Sun ce to.”

Ta ce, “Me ke nan da Turanci?”

Na ce, “Okay.”

Ta rubuta cewa ba wanda ya ja. Aka ɗaga hannu, nawa yana ciki.

Fa'iza, ni Bakanuwa ce gaba da baya. A cikin “to” aka haife ni. Na san wanda ake yi da sauri da fara'a, na an yarda. Na san mai tsawo wanda ake ja, na na ji amma da sauran magana. Na san wanda kakarki take yi wa kakanki in ya yanke hukuncin da ba ta so, ta tashi ta shiga ɗaki, kowa a gidan ya san ba a gama ba. Ke kanki kina da naki, wanda kike yi mini in na ce ki rage gishiri. Yaya aka yi na tsaya a gaban mutanena kunnena ya toshe, na ɗauki duk waɗannan na zuba su a cikin kalma ɗaya ta Turanci? Na yi tunani har na gaji. Wani lokaci ina ganin teburin ne. Da na zauna a bayansa na daina ji da kunnen gida, na koma jiran abin da za a rubuta. Wani lokaci kuma ina cewa a'a, ai na ba su dama, na tambaya da bakina, me ya hana su magana? Sai in tuna ni ma ba zan taɓa ja da Malam Sani a gaban surukansa ba, ko da wuƙa a wuyana.

Shawarata a nan ita ce, kada ki tambayi mutane ra'ayinsu a wurin da ba za su iya cewa a'a ba. In kin tara su sun yi shiru, ba ki ji komai ba tukuna. Ban sani ba ko a benenku haka ne, an ce mini 'yan Bangladesh ne suka fi yawa, amma ina zaton su ma suna da nasu “to” ɗin. Ki nemi wadda za ta koya miki shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, sun zo. A satin da ya biyo baya gidanmu bai rabu da baƙi ba. Wannan ta shigo wai ta zo duba ƙafar babanki, waccan wai wucewa take yi, mu da muke hawa na shida, wucewa zuwa ina? Su sha shayi, a yi maganar sanyi da tsadar doya, in za su tashi su ce, “Wannan magana ta ɗakin ƙasa kuwa, Allah dai ya sa mu dace.” In ce amin, in raka su bakin lif. Ni a zatona sam barka suke yi mini.

Hajiya Rabi ta zo ranar Alhamis da kwanon dambu. Ta zauna a inda ta saba, kusa da hita mai ɗumama ɗaki, ta miƙe ƙafa. Muka yi ta hira. Can ta ce, “Dije, ni fa wannan sati biyun ne ban gane ba.”

Na ce, “Yaya, ai ba wuya. A waya ake yi.”

Ta ce, “Ni dai ban san abin da zai same ni nan da sati biyu ba. Ke kin sani?”

Na yi dariya na ce, “Kada ki damu, Fa'iza na zuwa hutu, za ta sa miki shi a waya ta nuna miki yadda ake yin booking.”

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce, “To.” Ta ɗauki murfin kwanonta.

Kin tuna kin hau kin sa mata? Kin dawo kina cewa Inna Rabi ta iya, sau ɗaya kika nuna mata. Ba laifinki ba ne ko kaɗan, ni na aike ki. Mace ta zo har ɗakina ta ajiye mini maganar mutuwa a gabana a rufe, yadda mutanen kirki suke yi, ni kuma na ɗauka tsoron waya take ji.

In mutum ya biyo ki gida bayan taro, Fa'iza, ba shayi ya kawo shi ba. Ki ajiye abin da kike yi. In ya faɗi magana kin ga kamar kin gane da wuri, ki sake tambaya, “Kamar yaya?” Ni wannan 'yar tambayar ce ban yi ba.

Dokar ta fara aiki, kuma gaskiya rigima ta ragu. Saboda a benenmu ɗakin yake aka ba ni mabuɗi ɗaya, ni ke buɗe wa waɗanda suka nema. Haka muka yi ta tafiya har hunturun da ya wuce, da Allah ya yi wa Malam Sani rasuwa. Ya faɗi a hanyar masallaci, kafin yamma ya cika a asibiti. Kina wajen aikin koyo a arewacin ƙasar nan lokacin, sai a waya kika yi gaisuwa, shi ya sa ba ki ga abin da zan faɗa miki ba.

Kin san gidan Hajiya Rabi, ɗaki biyu da falon da mutum takwas ke cika shi. Malam Sani kuwa mutum ne na jama'a. Washegari tun da hantsi mutane suka fara sauka daga bas, daga Peckham, daga Barking, har daga Luton. Babban ɗansa ya sauko ya buga mini ƙofa, idonsa jajir, ya ce, “Anti, a taimaka mana da key ɗin ƙasa, mutane sun yi yawa.”

Mabuɗin yana cikin jakata. Na duba waya, ɗakin ba kowa har ƙarfe huɗu, sai da yamma ne tsofaffi ke da motsa jiki, gobe kuma wasu sun nema don bikin yaro. Na ce masa, “Bari in kira shugaba.” Na kira, ba ya kusa. Na kira mataimakinsa, ya ce shi kaɗai ba shi da ikon ɗage doka, sai mutum biyar na kwamiti sun zauna, kuma in an buɗe ba bisa ƙa'ida ba wani ya zame ya faɗi, kamfanin da ke da gidajen zai iya karɓe ɗakin gaba ɗaya. Na kira Margaret, tana wurin 'yarta a wani gari, wayar a kashe. Yaron yana tsaye. Na ce masa, “Ka ga, ba a yi booking ba. Ina nan ina ƙoƙari.”

Ya ce, “Booking, Anti?” Ya juya ya hau sama.

A matakala aka yi zaman makokin Malam Sani. An shimfiɗa tabarmi da kwalaye a barandar hawa na tara, maza suka jeru a kan matakala har zuwa hawa na bakwai, iska tana shigowa ta tagar da ta fashe. Dattawa masu ciwon gwiwa suna zaune a kan siminti da manyan rigunan sanyi. Maƙwabta Turawa suna ratsawa da karnukansu suna ba da haƙuri. Kwana uku haka. Ni kuma ina hawa ina sauka da kulolin abinci, jakata a kafaɗa, ina jin nauyin mabuɗin kamar dutsen niƙa. Sau biyu na sauka har ƙofar ɗakin ƙasa na tsaya. Na leƙa ta gilashi, kujeru a jere, hita tana aiki, ba kowa. Na ce a raina, ni na ɗaga hannu aka yi dokar nan, in na fara karya ta don nawa, gobe da wane baki zan hana wani? Na koma sama.

Da na shiga yi wa Hajiya Rabi gaisuwa, ta amsa. Ta ce, “Hajiya Hadiza, an gode, Allah ya ba da lada.” Shekara ashirin tana ce mini Dije.

Yanzu ga inda kaina ya ƙarasa ɗaurewa. Da Margaret ta dawo na ba ta labari, ina jiran ta ce na kyauta, na riƙe amana. Sai ta dafe ƙirji ta ce, “Oh, Hadiza, me ya sa ba ki buɗe kawai ba? Mutuwa ce fa! Da ni ce da na buɗe, in yi bayani daga baya.” Shugaban ma da ya ji haka ya ce. Wai ai kowa ya san irin wannan doka ba ta hau kan rasuwa ba.

Kowa ya sani ban da ni. Na zauna a kujerar robar nan na yi sororo. Mutanena sun ce “to” suna nufin a'a, na ɗauka e ne. Turawa sun rubuta ba a buɗe wa kowa, suna nufin ban da inda hankali ya ce a buɗe, na ɗauka iyakar maganar ke nan. Kowane ɓangare yana da abin da yake faɗa da abin da yake nufi, kuma kowa ya san nasa. Ni da aka sa a tsakiya don na iya harshe biyu, ni ce na kasa jin ko ɗaya. Na yi kuka a ranar, a gaban Margaret, ba kunya.

A nan ban san shawarar da zan ba ki ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. In na ce ki bi doka ko ta halin ƙaƙa, ga abin da ya jawo mini. In na ce ki karya ta duk lokacin da zuciyarki ta ce, to haka dattijon nan mai mantuwa yake yi, kuma mun ga ƙarshensa. Kuma ina tambayar kaina, da na buɗe ɗin, wani ya faɗi, anya waɗannan da suke cewa da sun buɗe za su tsaya mini? Margaret za ta tsaya. Sauran ban sani ba. Ita in ta karya doka an ce ta yi hankali, ni in na karya wataƙila a ce ga su nan, sun fara. Ko kuwa tsorona ne kawai yake faɗa mini haka? Babanki ya ce tsoro ne. Wata rana ina yarda da shi, wata rana ba na yarda. Abu ɗaya dai na riƙe: tun ranar da ake yin doka, kafin ki ɗaga hannu, ki tambaya da ƙarfi, in an yi mutuwa fa, in an yi gobara fa, wa zai buɗe? Ki sa a amsa a gaban kowa, don kada ranar ta zo ki tsaya ke kaɗai a bakin ƙofa.

Wadda ta ɗago ni ita ce Madam Rifkatu, ma'aikaciyar jinyar nan 'yar Jos da ke benen tsallake, wadda suke yin addu'arsu ta coci a ɗakin ƙasa duk wata. Ta same ni a tashar bas ta ce, “Maman Fa'iza, na ji abin da ya faru. Mu ma fa da aka tambaye mu to muka ce. Ki zo mu bi gida-gida.”

Muka bi. Ba tebur, ba takarda. Mata a kicin, maza a falo, tsofaffi su kaɗai ba 'ya'yansu a wurin. Abin da na ji ya ba ni mamaki. Mutanen da suka yi tsit a gabana ran nan, ashe kowa cikinsa fal da magana. Wata ta ce ita suna ma bai kai sati biyu ba, kwana bakwai ne, yaya za ta nemi ɗaki tun ba ta haihu ba? Ban taɓa kawo wannan a raina ba, ni da na haifi uku. Wani tsoho ɗan Ireland ya ce su ma in an yi musu rasuwa taruwa suke yi. Muka kai wa kwamiti gyara: rasuwa da haihuwa ba sa jiran sati biyu, mai mabuɗi ya buɗe, wanda ya riga ya nema a ba shi haƙuri a sauya masa rana. Ba a ko yi gardama ba. Aka ɗaga hannu, aka wuce zuwa maganar kwandon shara. Na zauna ina kallonsu. Abin da ya sa dattawa kwana uku a kan siminti, ga shi an gyara shi kafin shayina ya huce.

Ki riƙa bin mutane inda suke, Fa'iza. Da gajiya, ga shi za ki dawo daga asibiti ƙafa a kumbure. Amma taro wurin ɗaga hannu ne kawai, maganar gaske a ƙofar kicin ake yin ta.

Na jira har Hajiya Rabi ta fita takaba. Satin da ya wuce na yi dambu irin nata, na hau. Ta buɗe, ta ce in shigo, ta ba ni kujera, ba kusa da ita ba. Na gaishe ta, na yi mata bayani tiryan-tiryan: an gyara dokar, yanzu in an yi rasuwa nan take za a buɗe, ni da kaina na tsaya sai da aka yi. Ina ta zuba kamar yarinya mai kawo sakamakon jarrabawa. Ina jira ta ce “to”, ko wane iri ne, na shirya kunnena wannan karon.

Ba ta ce ba. Ta gyara mayafinta ta ce, “Madalla. Zai amfani na gaba.” Sannan ta ce, “Ni dai Malam ba zai sake mutuwa ba.”

Ba da faɗa ta faɗa ba. A hankali, kamar mai faɗin ranar kasuwa. Na ce ta yafe mini, ta ce ai ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta juye dambun ta wanke mini kwanona ta miƙo mini. A bakin ƙofa ta ce, “An ce yarinyar za ta tashi?” Na ce e, ranar Asabar. Ta ce, “Allah ya tsare.” Ta rufe.

Ban san me wannan tambayar take nufi ba, kuma na daina yarda da fassarata. Wataƙila gaisuwa ce kawai. Wataƙila kuma cewa take yi ni ta gama da ni, amma ke ba ta gama da ke ba. Don haka ga roƙona, shi ne ma dalilin wasiƙar nan duka. Kafin motar kaya ta zo, ki hau hawa na tara ke kaɗai. Kada ki je da saƙona, kada ki kare ni, kada ki yi mata maganar kwamiti. Ki durƙusa ki gaishe ta da Hausarki ta 'yan koyo, ki ce kin zo sallama. In ta ba ki wuri kusa da ita, ki zauna, ko direba zai yi ta danna ƙaho a ƙasa. In ta faɗi abin da ba ki gane ba, ki ce, “Inna, kamar yaya?” Ki jira amsar.

In kin sauko, ba sai kin faɗa mini abin da ta ce ba.

Allah ya kai ki lafiya, ya sa ki shiga ɗakin nan da ƙafar dama. Ya ba ki kunnen da ya fi nawa, ya sa duk ƙofar da aka ba ki riƙo ki san lokacin buɗe ta. Ya jiƙan Malam Sani, ya sanyaya zuciyar wadda ya bari. Ki riƙe salla, ki ci abinci mai zafi, ki sa safa. Na bar ki a hannun Wanda ba ya barci.

Mahaifiyarki,
Hadiza